Gidan Mai Ɗakin Kallo

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, magana ɗaya ce a bakin yayana: gida. Ya ce ma'aikata za su yi ta shigowa, jami'an kwastan na Maigatari za su nemi inda za su ajiye iyali a Gumel, duk wanda ya sayi gida ya gyara ya sayar ba zai yi da-na-sani ba. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ni ina koyarwa a wata firamare a Sule Tankarkar, shi kuwa yana sayar da kayan babur a kasuwar Gumel, kuma tun muna yara shi ne mai baki, ni ne mai bi. Babanmu ya rasu ya bar gona a Gagarawa. Yaya ya yi ta bina har na yarda muka sayar da kasonmu. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta hana ba. Ta ce, "Tunda kun haɗa kai, Allah ya sa albarka," ta ci gaba da tankaɗenta.

Gidan da dillali ya kai mu na wani malamin dabbobi ne, Kirista, mutumin Filato, da aka mayar da shi Dutse. Ya daɗe a Gumel har Hausarsa ta koma irin tamu. Shi da kansa ya zagaya da mu. Gida ne na bulo, da falo, da ɗakunan kwana, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Da muka zo ƙofar ƙarshe sai ya yi murmushi ya ce, "Nan ne ɗakin da nake ji da shi."

Ya tura ƙofa, ban ga komai ba sai duhu. Ya kunna ƙwan lantarki. Ashe tagogin ya sa an toshe da bulo, an shafe bangon da fenti mai duhu, an ɗaga daɓen hawa-hawa kamar matakala don na baya su hango. A gaba akwai kanta ta siminti inda yake ɗora talabijin da bidiyo, da ramuka a bango na lasifika. Ya ce nan iyalinsa da abokansa suke taruwa ran Lahadi bayan coci su yi kallo. Na waiwayi Yaya, na ga idonsa yana ƙyalli.

Bayan an yi ciniki muka zauna ƙarƙashin darbejiyar kan maganar gyara. Ni ra'ayina a fasa hawan nan, a daidaita ƙasan, a buɗe tagogi, ɗakin ya koma ɗaki. Sannan a zuba tarazo a gidan duka, wato simintin nan mai tsakuwa da ake gogewa har ya yi santsi. Na ce masa matanmu shara suke yi safe da yamma, yara suna ɓarin koko, yashi yana biyo ƙafa daga waje. Tarazo ruwa da tsintsiya kawai yake so.

Yaya ya girgiza kai. "Kai malamin makaranta ne, ba ka san idon mai saye ba. Tarazo ai na asibiti ne. Mutum ya shigo ya taka kafet mai laushi, a kai shi ɗakin kallo, kafin ya fita ya riga ya saya a zuciyarsa."

"Yaya, su wa za su saya? Mutanen garin nan ne fa."

"Manyan ma'aikata. Gida irin wannan babu shi a Gumel."

Na sake magana sau ɗaya, ya ce in bar masa. Na bar masa. Ya tafi Kano ya dawo da jan kafet a naɗe a saman mota, aka shimfiɗa shi bango zuwa bango a falo da ɗakin kallo, aka manna da gam har kan hawan. Ɗakunan kwana kuma aka sa musu ledar ɗaki mai zanen fure. Gaskiya ranar da aka gama gidan ya yi kyau. Har ni sai da na cire takalmi na tsaya ina murza yatsun ƙafata a kai.

Masu saye suka fara zuwa. Wani jami'in kwastan ya zo da matarsa. Shi ɗakin kallon ya burge shi, amma ita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mahaifiyarta za ta zauna da su, kuma ba za ta sa tsohuwa a ɗakin da babu taga ba. Wani Alhaji, dillalin shanu daga Maigatari, ya taka kafet ɗin a hankali kamar mai tsoron ya fashe, ya ce, "Gidana cike yake da ƙananan yara. Wannan abin sati ɗaya zai yi ya fara zarni." Da aka nuna masa ɗakin ƙarshe ya tambayi amfaninsa, Yaya ya yi masa bayani da fara'a. Alhaji ya gyara hularsa ya ce shi ba zai ajiye iyalinsa a gidan silima ba. Maganar nan ta bi gari. Kafin wani lokaci, ko dillalai da sunan suke kiran gidan.

Damina ta same mu gidan yana kulle. Wata Juma'a na taso daga makaranta na biya, ina buɗe falo wani wari ya dake ni. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, kafet ya sha ya ƙi bushewa. A ɗakin kallo, inda iska ba ta shiga, abin ya fi muni. Na ɗaga gefen kafet ɗin na ga gara ta yi hanyoyi a ƙasa, ta kama ƙyauren ƙofa. Na je shagon Yaya na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da goge wani fulogi da tsumma, ya ce rana za ta busar.

Da shekara ta zagayo babu mai saye, sai Yaya ya sayo tsohuwar talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, ya jera benci a kan hawan, ya mayar da ɗakin gidan kallo na kuɗi. Ya ce kafin mai saye ya zo, gidan ya ciyar da kansa. Samari suka cika unguwar, ƙarar janareta da ihun finafinan faɗa suka hana maƙwabta sakat. Mai unguwa ya aiko aka kira mu. Na ga yayana, mutumin da ban taɓa jin an ɗaga masa murya ba, a durƙushe gaban dattawa yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, za a gyara."

Labari ya kai wa Inna a Gagarawa. Ba ta aiko ba, ta hau motar haya ta zo da kanta da hantsi, ta ce a nuna mata abin da gonar mijinta ta zama. Muka kai ta. Ta duba falo. Babu wuta a ranar, Yaya ya juya zai ɗauko tocila, ita kuwa ta tura ƙofar ɗakin kallo ta shiga. Ta hau hawan farko da lalube, ƙafarta ta sarƙe a wurin da kafet ya ɓanɓare, ta faɗi a kan gefen siminti. Ƙarar da ta yi har yau ina jin ta.

Ƙugunta ne ya karye. Muka kai ta asibiti, daga baya muka koma wurin mai ɗori, ta yi watanni a kwance a gidan yayarmu. Ko sau ɗaya ba ta ambaci gona ko gida ba. In Yaya ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Duk ka rame." Wannan ya fi masa ciwo a kan faɗa. Yakan fito ya tsaya a zaure ya daɗe kafin ya iya sa takalmi.

Wata safiya maƙwabcin gidan ya aiko mini cewa in zo. Na tarar da Yaya shi kaɗai da guduma, ba riga, yana fasa hawan ɗakin. Kafet ɗin ya riga ya yage shi ya tara a tsakar gida. Na miƙa hannu in karɓi gudumar, ya ce, "Bar ni." Na ɗauki shebur na riƙa kwashe ɓaraguzan. Haka muka wuni muna aiki. Bayan kwanaki magini ya zo ya buɗe tagogin, ya yi daɓen siminti zalla a ko'ina, don ƙarfinmu bai kai na tarazo ba a lokacin.

Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya saya a ƙarshe, a kan abin da ko rabin gonar ba zai dawo mana da shi ba. Ya zuba buhunan gero a falo da ɗakin, ya sa yaransa na kasuwa a sauran. Muka raba abin da aka samu a gaban kawunmu. Yaya ya rufe shagonsa ya koma Kano ya shiga aikin wani, shi da ya saba zama da kansa.

Inna ta tashi, amma da sanda, kuma ba ta ƙara zuwa kasuwar Gagarawa da ƙafarta ba. Ni da Yaya ba mu yi faɗa ba. Mukan haɗu a suna ko ta'aziyya, mu gaisa, mu tambayi yara, sai kowa ya nemi wanda zai yi hira da shi. Duk ƙarshen wata wani direban Kano yakan tsaya a ƙofar gidan Inna ya miƙo leda, saƙon Yaya: man zafi, da sukari, da ganyen shayi. In na je, Inna takan sa in shafa mata man a ƙugu da la'asar, tana tambayata ko direban ya ce yaushe ɗanta zai zo.