Teburin Surukina da Gwangwanin Fenti

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe makon da na kusa shafa wa teburin surukina fenti.

Zamanin mulkin soja ne, muna zaune a Buza, maigidana mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko. Da za mu taso daga Madawa, mahaifinsa, tsohon soja, ya ba mu teburinsa na cin abinci, baƙi wuluk, ga nauyin tsiya. Ya ce, "Ɗiyata, amana ce, ki riƙe mini." Na ce to, Baba. A raina kuwa cewa na yi, mu da ke ci a kan tabarma, me za mu yi da wannan jibgegen abu?

Ni kuma ba ni da haƙuri da kayan da ba su aiki. Na sa aka fitar da shi tsakar gida. In tumatirin garin Tama ya yi araha, a kansa nake yankawa in shanya, a kansa nake fasa ƙashi. Damina biyu ta sauka a bayansa. Ya koma toka-toka, ya yi kaushi, ko'ina ya lotsa.

Kwatsam sai ga saƙo: Baba na tafe ranar Juma'a, idanunsa sun fara hazo, yana son ganin jikokinsa tun yana iyawa. Bawan Allahn nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya sa ma na fi jin nauyinsa. In ya ga abin da na yi da amanarsa, da wane ido zan sake dubansa? Maigidana kuwa dariya ya yi, ya ce ke da Babanki, ba ruwana.

Na sayo gwangwanin shuɗin fenti. Ina cikin ɓalle murfin, wani tsoho masassaƙi da nake sayen turmi da akushi a wurinsa ya yi sallama, yana son ruwan sha. Ya dubi gwangwani, ya dubi tebur.

"Uwargida, mi za ki yi?"

"Kunyata zan rufe, Malam."

Ya ɗan kankare gefen teburin da wuƙarsa, ya sunsuna. "Maɗaci na wanga. In kin shafa mishi abin ga, kin bizne shi da rai. Ba ni kwana ukku."

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ya fasa kwalba, ya zaɓi ɓalli ɗaya, ya riƙa jan sa a hankali yana bin jijiyar itacen, tokar nan tana zuba kamar dusa. Da ya zo wuraren da suka lotsa, sai ya ce in hura masa dutsen guga. Ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ya danna dutsen a kai, tururi ya tashi. Da ya ɗaga, wallahi ramin ya ciko, ya yi daidai da sauran. Na shafa da yatsa har sau uku. Itacen da aka sare tun ba a haife ni ba, ga shi yana amsa ruwa.

Rana ta uku ya narka kakin zuma da man kaɗe, ya murza da tafin hannunsa. Inda duk hannun ya wuce sai ja ya fito, ja mai duhu, da wasu layuka suna ta kewaya a ciki. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na kasa cewa komai sai Allahu akbar.

Baba ya iso, aka kawo masa tuwo a kan teburin a cikin ɗaki. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Wanga ba yadda na ba ki shi ba ne."

Na yi niyyar cewa gogewa kawai na yi, bakina ya ƙi. Na durƙusa na faɗi komai, tumatir, ƙashi, damina, har da fentin.

Na fara hawaye. Can ya ce a fitar da teburin rana. Ya sunkuya, fuskarsa ta kusa taɓa katakon, ya daɗe a haka.

"Shekara talatin ina ci bisa abin ga," ya ce. "Baƙi na same shi wurin wani nasara a bariki, na zaci haka Allah ya yi shi. Ashe ja ne. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Kafin damina ta zagayo idanun Baba suka rufe gaba ɗaya. Har ya rasu, in baƙo ya zo sai ya ba shi labarin jan nan.

Har yau in na tuna saura ƙiris in shafe shi da shuɗi, sai in gode wa Allah. Tun ranar, in na ɓata abu ba na gaggawar rufewa. Nakan tsaya in kankare, in faɗi gaskiya, don ban san abin da Allah ya ɓoye a ƙasa ba.