Jar Hula a Bayan Sanduna

Auta, yau kwana arba'in da muka rufe ka a ƙasar mutane. Takalmanka na ƙwallo suna nan bakin ƙofa, laka ta bushe a jikinsu, na kasa wankewa.

Bari in ba mutane wani labari. Na canza sunaye, amma da kana nan da ka gane su.

Wata rana wasu samari biyu, wa da ƙane, suka bar Funtuwa zuwa wani ɗan ƙaramin gari a Ostireliya. Babban Tasi'u, ƙaramin Nazifi. Kawunsu ne ya samar musu aiki a mayankar garin, inda ake neman Musulmi masu yanka. Gidansu gidan fawa ne, wuƙa ba baƙuwarsu ba ce.

Garin nan ba shi da abin yi ranar Asabar sai ƙwallo.

Kuma ba irin tamu ba. Tasu doguwa ce kamar gwanda, ana kama ta da hannu, ana buga ta da ƙafa. Babu raga, babu mai tsaron gida. Sanduna huɗu ne a tsaye a kowane gefe. Ka buga ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki shida. Ta kauce ta bi ta gefe, maki ɗaya tal.

In wani ya bugo ka cafe ta a sama, sai alƙali ya busa usur, kowa ya ja baya. A bar ka kai kaɗai, da ƙwallo a hannu, da sanduna a gabanka.

Sai ka ce sauƙi ko?

Nan ne maza suke mutuwa a tsaye.

Tasi'u ne ya fara shiga ƙungiyar garin. Shi ya koya wa Nazifi yadda ake riƙe ta, yadda ake sakinta a kan ƙafa ba tare da ta juya ba. A wajen atisaye babu kamar Tasi'u. Goma zai buga, goma su shiga.

Amma ranar wasa, in motoci suka kewaye fili, mutane suka zauna a kan bonet suna jira, sai ƙafarsa ta zama ta aro. Sandunan su matse. Abokin hamayya yana tsalle daga ɗan nesa yana masa ihu, shi kuwa yana lissafin abin da za a ce in ya ɓarar.

Sai ya ɓarar ɗin.

Nazifi fa? Yaron da a atisaye rabi yake ci? Ranar wasa sai ya goge ƙwallo a riga, ya yi taku shida, ya buga kamar mai miƙa wa wani ruwa. Ta shiga. Motoci su kama hon, garin ya ɗauka.

Shekara ba ta zagayo ba koci ya mayar da Tasi'u ƙaramar ƙungiya, masu buga wasan safe lokacin da babu kowa sai karnuka da tsofaffi biyu.

Hoton Nazifi ya fito a jaridar garin. A wajen aiki Turawa suka daina kiran Tasi'u da sunansa, sai "yayan Naz". Inna in ta kira daga gida, kafin ta gama amsa gaisuwa sai ta ce, "Ina ɗan ƙwallon nawa?"

Tasi'u ya miƙa waya, ya fita waje.

Yana son ƙanensa, wallahi yana sonsa. Amma akwai wani abu da ya zauna masa a ƙarƙashin haƙarƙari kamar garwashi a cikin toka. Ba ya ci da wuta, ba ya mutuwa.

Duk da haka, kowace Asabar in ya gama wasansa, sai ya sa jar hular sanyinsa ya je bayan sanduna ya tsaya daidai tsakiya. In an sauya gefe, ya zagaya ya koma can. Nazifi ne ya roƙe shi tun farko, bai kuma faɗi dalili ba.

Wata ranar Juma'a suna wasa wuƙaƙe a wajen aiki, Tasi'u ya kasa daurewa.

"Wai kai wane malami ne ya ba ka laƙani? Ba ka jin tsoro ne?"

Nazifi ya yi dariya. "Ni? Yaya, ina ji mana, sosai ma."

"To ya ake yi take shiga?"

"Ai ni ba na kallon sanduna. In na kalle su na mutu. Hularka nake nema. Sai in ce a raina, Yaya ne ya ce in miƙo masa ƙwallo, kamar a bayan gida. Shi ke nan."

Da Tasi'u mai rabo ne, da maganar nan ta wanke masa zuciya.

Sai ta ƙara hura garwashin. Ya ce a ransa: ashe da ni ake cin, shi ake tafa wa.

Aka zo wasan ƙarshe na kofi. Rabon garin da kofin nan tun kafin a haife su. Aka rufe shaguna. Har Kawu, da bai san kan wasan ba, ya zo da kujerarsa.

Saura kaɗan a tashi, ana gaban su Nazifi da maki uku.

Aka bugo wata ƙwallo sama. Nazifi ya taka bayan wani ƙato ya cafe ta. Yana saukowa jiniyar tashi ta yi kuka.

A dokar wasan, tunda ya riga ya kama, sai ya buga. Shida, kofi nasu. Ɗaya, sun rasa.

Filin ya yi tsit. Wata 'yar iska tana kaɗa tutoci, tana tsayawa.

Tasi'u yana bayan sanduna, daidai tsakiya, da jar hularsa. Yana jin wata tsohuwa a gefensa tana kiran sunan ƙanensa a hankali kamar addu'a. Ya hango gobe. Hoto a jarida. Muryar Inna. Yayan Naz, yayan Naz, har ya tsufa.

Nazifi ya sunkuya yana goge ƙwallo a riga.

Sai Tasi'u ya matsa dama.

Taku huɗu.

Babu wanda ya ture shi. Babu wanda ya gani.

Nazifi ya ɗago, ya nemi hular, ya same ta. Ya ɗan tsaya. Sannan ya yi takunsa shida ya buga.

Ban taɓa jin labarin bugu mai kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta tashi tana juyi a hankali, ba ta karkace ko kaɗan ba, ta wuce ta gefen doguwar sanda, ba ta tsakiya ba, ta sauka daidai ƙirjin Tasi'u.

Ya rungume ta.

Maki ɗaya.

Ba mota ɗaya da ta yi hon.

A hanyar gida Tasi'u ne ke tuƙi. Da suka yi nisa, sai Nazifi ya ce:

"Yaya, na ga ka matsa."

Tasi'u ya rage gudun motar. Nazifi ya ci gaba:

"Iska ka gano min ko? Na sani. Ita ce ta yaudare mu, ta tsaya daidai lokacin. Don Allah kar ka sa abin a ranka, ka ji? Baɗi ma ka tsaya min."

Tasi'u ya buɗe baki. Saura ƙiris ya faɗi gaskiya.

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ya yi niyyar faɗa masa. Ya ce sai zafin abin ya huce. Ya ce sai bayan Sallah. Ya ce sai an fara sabuwar kaka, ya tsaya masa a tsakiya sau ɗari tukuna.

Ana saura sati uku a fara kakar, wata babbar mota ta haɗu da Nazifi a hanyar zuwa aiki da safe.

Mutanen garin sun zo jana'iza, sun tsaya daga nesa da hulunansu a hannu. Koci ya riƙe kafaɗar Tasi'u ya ce bai taɓa ganin wa mai tsaya wa ƙanensa kamar shi ba.

Darasi: Wanda kake gani ba ya rawar jiki, ba wai ba ya tsoro ba ne. Akwai wanda ya kafa wa ido yake samun natsuwa. Kafin ka yi ƙyashin wani, duba da kyau, wataƙila kai ne wanda yake kallo. In kai ne, ka tsaya inda ya bar ka. In kuma ka riga ka matsa, ka faɗa masa yau, tun yana da kunnen ji.

Ku tura wa wani. Akwai mai tsaye a bayan sandunan ɗan'uwansa yanzu haka, ƙafarsa tana masa ƙaiƙayi.

Ku sa Auta a addu'a.

Auta, hular tana cikin akwatina. Kawu bai sani ba. Inna har yau cewa take Allah ya yi min albarka da na riƙe ka.

Ni kuwa har yanzu ban faɗa wa kowa ba.