Ranar da Baba ya sake ganin kan jirgi

Mahaifina mutumin Nguru ne. Tun kafin a haife ni ya yi aikin jirgin ƙasa, yana zuba kwal a wutar injin da ke jan taragu zuwa Kano. Da ya bar aikin sai ya dawo Azare ya buɗe rumfar hatsi a kasuwa. Mu da muka tashi a nan ba mu taɓa ganin jirgi ba, don layin dogo bai biyo ta ƙasar Katagum ba. Abin da muka sani na jirgi shi ne tarin Baba. Kullum da safe sai ya yi ta yi kafin ya iya karyawa, ya ce hayaƙin da ya sha ne yake fita a hankali.

Da tarin ya tsananta, likita ya tura mu wani asibiti a Abuja. Ni ce babbar 'yarsa, kuma makarantar da nake koyarwa tana hutu, sai rakiyar ta faɗo kaina. Na ce mu bi mota zuwa Kaduna, daga can mu shiga jirgi, don ƙirjinsa ya huta da hayaƙin manyan motoci.

Ya ce, "To sai mun kwana a tasha. Tikiti ba ya samuwa sai da turereniya, ko kin san wani a ciki."

Na ce, "Baba, ai na riga na saya. Yana cikin wayata."

Muna wuce Jama'are ya tambaye ni ko wayar tana da caji.

A tashar Kaduna wata ma'aikaciya ta haska wayar da wata 'yar na'ura, ta dubi katin shaidarmu, ta faɗa mana lambar kujera. Shi ke nan. Baba ya tsaya yana jiran sauran wahalar, sai da na ja hannunsa. Ya samu kujerar gefen taga. Da jirgi ya tashi na ga yana motsa leɓe, ban sani ba ko addu'a yake ko ƙirga tashoshin da ya sani a da.

Da muka sauka bai nufi ƙofar fita ba, sai ya doshi kan jirgi da sandarsa. Na bi shi ina jin nauyi. Direban, wani magidanci mai furfura kaɗan, yana tsaye a ƙasa. Baba ya yi sallama, ya gaya masa aikin da ya taɓa yi. Mutumin ya rusuna ya gaishe shi, ya ce doka ba ta ba shi damar shigar da kowa ba, amma ya buɗe ƙofa don Baba ya leƙa. Ya nuna masa wani allo mai haske.

Ya ce, "Baba, har yanzu man dizal muke sha, ba zan ɓoye maka ba. Amma wannan yana nuna mini abin da injin ke ƙonawa. Ofis kuma suna ganin inda kowane jirgi yake, ba ma tsayawa a daji inji na ta hayaƙi muna jiran wani ya wuce."

Baba ya daɗe yana kallon farar rigar mutumin. Can ya ce, "Haka kake komawa gida? Yaranka suna gane ka?"

Direban ya yi dariya ya ce suna ganewa. Baba ya ce shi a zamaninsu sai ya yi wanka tukuna mahaifiyarsa take yarda shi ne. Ya sa masa albarka sosai, har da Barbarci, harshen gidansu, wanda ba ya yi sai abu ya taɓa zuciyarsa.

Maganin asibitin ya taimaka, muka koma gida da sauƙi. Ban tambayi sunan direban ba, kuma har yau ina yi masa addu'a, don bai yi wa tsoho gaggawa ba. Baba kuwa ya samu abin hira a rumfa. Duk sanda motar hatsi ta tsaya tana turnuƙe layinsu, sai ya gaya wa maƙwabtansa cewa ranar da dogo ya iso Azare, jirgi ɗaya zai kwashe kayan layin nan gaba ɗaya. Wasu su ce Allah ya nuna mana, wasu su ce Alhaji ya fara.