Likitar da Inna ta yarda da ita

Muna fitowa daga wani ƙaramin asibiti a Gwammaja Inna ta ce, "Na samu likitata."

Na daɗe ina lallaɓar mahaifiyar tamu ta je gwajin shekara, tana ƙi.

Na ce, "Inna, me ta yi miki?"

Ta ce, "Sai da ta nemi izinina kafin ta taɓa ni. Da na nuna mata ƙullutun da nake ɓoye muku, ta ce ba ta sani ba, sai an yi hoto. Wannan ba za ta yi min ƙarya ba."

Alhamdulillahi, hoto ya nuna kitse ne kawai.

Ku fa, me ke sa hankalinku ya kwanta da likita?