Takunkumin Alhaji Isufu da Iskar Kolorado

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai mu ya komo da mu.

Greensboro

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka loda kaya a a-kori-kurar Alhaji Isufu. Mutumin Tawa ne, jikan maharba, ya samu izinin harbin elk, barewar nan mai girman doki, a duwatsun Kolorado. Ni ba na harbi, abokin hira da jam'i ya ɗauke ni. Tun bazara yake shiri. Ya sayi wani takunkumin roba mai matse numfashi, kullum da shi yake hawan benen ajiye motoci na wajen Elm Street, da jaka a baya. Wai yana saba wa huhu da iskar tudu. Matarsa Hajiya Ramatu ta miƙo mini ledar kilishi ta taga, ta rage murya ta ce, "Malam, ba ya faɗin ciwo. Amanarsa na hannunka."

Hanya

Muka ratsa Tennessee, muka kwana a wani ƙaramin masauki a Missouri mai warin taba. Washegari Kansas ce tun hantsi har magariba, shimfiɗe kamar tabarma, a can muka sake kwana.

Litinin muka wuce Denver. A gindin duwatsu wata jami'ar gandun daji ta duba takardunmu, ta tambayi inda muka kwana. Da ta ji, ta ce mu yi haƙuri mu kwana biyu a ƙasa tukuna. Alhaji ya ɗago mata takunkumin yana dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan wahalar jan iska kawai yake koyarwa, can sama kuwa iskar tana shiga da sauƙi, abin da jini ke nema a cikinta ne ya yi kaɗan. Na ce mu bi shawararta. Alhaji ya ce ranakun izini ba sa jira.

Bisa dutse

Muka kafa tanti inda itatuwa suka fara gajarta, waya ba ta kamawa. Talata ya wuni yana bin sawu, ya dawo yana tari, ko kilishin bai taɓa ba. Na tambaye shi, ya ce ai haka yake ji cikin takunkumi, ya saba. Nan na gane hatsarin. Takunkumin ya koya masa raina haki.

Asubar Laraba shi ya ja mu salla. Mutumin da na sani yana kai doguwar aya da numfashi ɗaya, sai ga shi yana yanka Fatiha gunduwa-gunduwa. A sujada na ji ƙirjinsa yana ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Da gari ya waye na ga leɓensa ya yi shuɗi, abin da ya tofar kuma kumfa ne mai ja-ja.

Na ce mu sauka. Ya ce ya ga sawun namijin elk jiya, kuma a gidansu maharbi ba ya juya wa sawu baya don jikinsa. Ya fara laluben bindiga.

Sai na tuna a hanya ya gaya mini kakansa ya taɓa barin giwa saboda baƙonsa ya taka ƙaya. Kaina kuwa da gaske yana sarawa tun Litinin. Na kwanta, na ja bargo, na ce, "Alhaji, ni dai kaina zai tsage. Ka kawo ni nan, ka mayar da ni."

Ya bar laluben bindigar, ya dube ni. Ya ce, "Bon, to. Ku malamai ba ku da ƙashi."

Saukowa

Makullin mota ya ƙi shiga masa rami. Na karɓa. Ni da tuƙina bai wuce gida zuwa masallaci ba, ga ni a hanyar tsakuwa, dutse a hagu, a dama rami ba a ganin ƙarshensa. Ina Hasbunallahu, ina kiran sunansa don kada ya yi barci. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci shiru. Sau ɗaya ya kira ni da sunan wansa da ya rasu. Ban san sanda hawaye ya jiƙa mini gemu ba.

A asibitin garin ƙasa ya jingina da bango, ya nuna ni, ya ce a duba abokinsa. Wata ma'aikaciya ta dube ni, ta dubi leɓensa, ta ture ni gefe ta ɗora shi a keken marasa lafiya. Ruwa ne ya taru a huhunsa. Likita ya ce da mun ƙara kwana a sama, sai dai wani labarin. Suka rufe masa fuska da takunkumin oksijin.

Gida

Da aka sallame shi ni na tuƙo mu, a hankali, har ƙofar gidansa. Hajiya ta fito, ta dube shi, ta dube ni, ba ta tambayi nama ba. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga mutanen asibitin nan da ban riƙe sunayensu ba.

Har yau in an zauna bayan Juma'a, Alhaji yana gaya wa jama'a ciwon kan Malam ne ya ɓata masa farauta. Nakan ce haka ne, Alhaji, a yafe mini.