Na Kai Ƙanwata Umdurman Neman Ruƙiyya

Mun tashi daga unguwarmu Kalakla ƙarfe biyar da rabi na asubar Alhamis, ni da ƙanwata da wata maƙwabciya da ta san hanya. Dalilin tafiyar shi ne, tun ranar da masu bindiga suka shiga gidan ƙanwata lokacin yaƙi suka yi mata abin da suka yi, ta daina salla. Wanka take yi sau biyar, sau shida a yini, har fatar hannunta ta tsage. Na yi faɗa, na yi nasiha, daga baya na ce aljanu ne.

Da farko muka hau raksha, keke mai ƙafa uku, sannan hafila, wato bas. Kuɗin mota ya ninka, kujerun kuwa suna nan yadda na san su, ƙarfe tsirara. Mun wuce gidaje marasa ƙofofi da shingen bincike uku. A kowanne sai ƙanwata ta damƙe mayafina. Bayan mun haye gada muka karya da ful, wato dafaffen wake, a bakin kasuwar Umdurman. Ba ta ci ba.

Ƙarfe tara muka isa gidan malamar da ke yin ruƙiyya, wata tsohuwa Bahaushiya da iyayenta suka yi noma a yankin Jazira. Na jera mata bayani ɗaya bayan ɗaya, na roƙi ruƙiyya da rubutun sha. Ta ce in fita tsakar gida in dafa jabana, wato gahawa. Awa biyu suna ciki, ina jin kuka, ina jin shiru.

Da ta kira ni, a gabana ta ce wa ƙanwata, "'Yata, dattin yana kan wanda ya yi zaluncin. Wankanki na farko ya isa." Sannan ta juyo kaina ta ce babu aljani a nan. Ta tambaye ni, ni da nake ƙirga mata salloli, ko na taɓa tambayarta tana samun barci. Ban taɓa ba.

Mun iso gida dab da magariba. Ba ta yi salla ba, amma da na shimfiɗa darduma ta ce, "Yaya, matsa kaɗan," ta zauna a gefena har na sallame.

Abin da na koyo shi ne faɗana ya ƙara mata nauyi. Ina roƙonku, in akwai irinta a gidanku, ku bar ƙirga mata salla. Ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta yadda ta kwana.