Dillalin da Ya Ƙi Sayar da Gidanmu

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, na ƙudurta a raina sai mun sayar da gidanmu na Unguwar Rogo. Lokacin ina haya a Arkilla, albashi ya fara zama, ina jin kaina wani babba. Nufina in sayar da tsohon gida, in cika da abin hannuna, in sayi mai tayil da get, mahaifiyata ta huta da hayaniya. Ƙanwata ta amince. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ce, "Duk yadda ka gani." Ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare.

Abokina ya haɗa ni da wani dillali, dattijo mai furfura, wanda ofishinsa benci ne a gindin bishiya a Sama Road. Ya kawo mai saye na farko, da bakinsa ya nuna masa inda soro ke yoyo. Na biyu ya ce masa mota ba ta shiga lungun. Na uku, wani ɗan kasuwa, ya ji duk wannan ya ce yana so, har mun daidaita. Sai dattijon nan ya ce a ba mu mako guda mu yi shawara.

Raina ya ɓaci. Na same shi a bencinsa na ce, "Baba, wai kai dillalina ne ko mai korar masu saye?"

Ya matsa mini wuri. "Zamna, ɗana. Gidan ga, mai shi ba ta sai da ba."

Na ce ai takardu suna hannuna.

"Takarda ka riƙe. Duk ranar da munka zo da mai saye, Inna na gaishe mu ta ɗauki mayafi ta shige maƙwabta. Jiya na ga fitowarta, idonta jajir. In anka sai da, ni la'adata zan amsa in wuce. Kai za ka zamna da ita."

Da la'asar na tarar da ita tana tsintar shinkafa. Na ce, "Inna, don Allah, kina son tashin nan?" Tana juya faifai ta ce, "Maƙwabciyata ga, in safiya ta yi ba ta ji motsina ba, sai ta buga bango. Can Arkilla wa zai buga mini bango?"

"To mi ya hana ki gaya mini?"

"Na ga kana murna."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ni da nake ganin na fi kowa sanin abin da ya dace da ita.

Washegari na koma wurin dattijon ina sosa ƙeya, na ce masa mun fasa sayarwa. Bai ce ai na gaya maka ba, goro ma ya ɓara mini. Bayan wasu watanni ya kira ni, wai ya samo mini ɗan gida a lungun bayan namu. Ba get, motata a bakin masallaci take kwana. Na saya, har yau nan nake da iyalina.

Da Allah Ya yi wa dattijon rasuwa, mahaifiyata ta ce in kai ta ta'aziyya, alhali gaisuwa kawai ta taɓa haɗa su. A hanya ta ce mini, "Bawan Allahn nan ya ji abin da ban faɗa ba."

Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, sannan in yi masa addu'a. Tun daga lokacin, in wani nawa ya ce mini "duk yadda ka gani", ba na tashi. Sai in gyara zama in sake tambaya.